Yadda zaka karanta ƙaramin tafkin cikin duwatsu kafin ka jefa ƙugiya

Yawancin masu zuwa kamun kifi ƙaramin tafki, irin wanda tuddai da duwatsu suka kewaye, da isowarsu sai su sauke kaya a inda ƙafarsu ta fara tsayawa, su soka tana a ƙugiya su wurga can tsakiyar ruwa iya ƙarfinsu, su zauna jira. Rana na takewa su nannaɗe zare su ce ai tafkin nan ba kifi. Akwai kifi ɗan'uwa, ba a ko'ina yake ba ne kawai. A irin wannan tafki mafi yawan ruwan fanko ne, kifin yana taruwa a 'yan wurare ƙalilan, kuma wuraren nan ba ɓoyayyu ba ne, tudun da kake tsaye a kansa ma zai nuna maka su in ka san abin da zaka duba.

Toh kar ka taɓa kayan aikinka tukuna. Nemi wuri mai ɗan bisa ka hau ka kalli tafkin gaba ɗayansa. Yadda ƙasa ta gangaro har ta taɓa ruwa, haka take ci gaba da tafiya a ƙarƙashin ruwan. Gefen da dutse ya miƙe tsaye har bakin ruwa, nan zurfi yake farawa tun daga gaɓa, taku biyu ka nutse. Gefen da ƙasa ta kwanto a hankali kuwa zaka iya tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwarka ba, nan ne ciyawa ke tsirowa saboda hasken rana yana kaiwa ƙasa. Idan kaga wani tudu ya miƙo hanci cikin ruwa, to hancin nan bai ƙare a inda idonka ya tsaya ba, ya ci gaba a ƙasa, zurfi na hagunsa zurfi na damansa, kuma manyan kifaye suna son bin gefensa. Idan kaga kwari tsakanin tudu biyu ya sauko, ko da a bushe yake ranar, akwai tsohuwar hanyar ruwa da ta shige cikin tafkin ta nan, kamar kwata a ƙasan ruwa.

Abin da ya fi komai shi ne ka gano inda ruwa yake shigowa. Kusan kowane tafkin cikin tuddai yana da rafi ko ƙorama da ke zuba masa ruwa, wani lokaci idon ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Bakin rafin nan kasuwar kifi ce. Ruwan da ya gangaro yana dukan duwatsu ya kwaso iska, ya kwaso tana da ƙwari da 'ya'yan itace da duk abin da ya faɗa masa a hanya, ya kawo ya zube. Yashi da laka suna taruwa a bakin su yi ɗan fili marar zurfi, sannan a gaba kaɗan ƙasa ta karye ta faɗa zurfi lokaci guda. A daidai karyewar nan kifi yake tsayawa yana fuskantar ruwan da ke zuwa. Bayan an yi ruwan sama zaka ga jan ruwa ya shigo ya haɗu da garau ɗin ruwan tafki har layin haɗuwarsu ya fito fili, jefa ƙugiyarka a kan layin nan, kar ka jefa cikin jan ruwan tsundum.

Sauran wuraren da zaka riƙe a ranka: bishiyar da ta faɗi cikin ruwa, bakin ciyawa daga ɓangaren zurfi, ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, tarin duwatsun da suka ruguzo daga sama, da kuma inda ruwa yake fita.

Dalilin da yasa tsakiyar tafki ba ta ba da kifi

Wannan ne mutane da yawa basu gane ba, suna ɗauka duk inda ya fi zurfi nan babban kifi yake. Ƙaramin tafkin da tuddai suka tsare iska ba ta samun damar kaɗa shi sosai, saboda haka a lokacin zafi ruwan yana rabuwa hawa-hawa. Na sama rana ta ɗumama shi ya yi sauƙi yana zaune a bisa, na ƙasa mai sanyi ne mai nauyi yana kwance, basa gauraya. Duk wanda ya taɓa nutso a irin wannan ruwa ya san yadda ƙafa ke shiga wani sanyi kwatsam alhali ƙirji na cikin ɗumi. Ganyaye da matattun ƙwari da duk wani datti suna gangarawa ƙasa su ruɓe, ruɓewar nan tana cinye oksijin ɗin ruwan ƙasa, kuma babu hanyar da sabo zai sauka. Kifi ba zai zauna inda ba zai iya numfashi ba. Kaga kenan wanda ya wurga dalma mai nauyi tsakiyar tafki ya ajiye tanarsa a wurin da ba mai zuwa ci, in ya janyo ma zai ga baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a jikin dalmar. Da zarar ka ji wannan wari ka bar wurin, ka rage zurfi.

Amma kuma ruwan sama-sama ɗin ma in ya yi zafi da yawa kifi bai sonsa, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 10 tana iya riƙe wajen miligiram 11, a digiri 30 kuwa bai fi bakwai da rabi ba. Sannan duk yadda wuri ya ƙara bisa iska na ƙara sauƙi, abin da ruwan zai riƙe yana ƙara raguwa. Shi yasa da rana tsaka kifi ke komawa tsaka-tsaki, ƙasa da zafin sama amma bai kai ga mataccen ruwan ƙasa ba, kuma inda wannan hawa ya haɗu da gangaren gaɓa nan zaka same shi.

Wani lokaci bayan doguwar rana sai a yi ruwan sama mai sanyi da iska mai ƙarfi, ruwan saman tafkin ya huce ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, tafkin duka ya juye. Ruwa ya yi duhu, wari ya tashi, da asuba kaga kifaye sun ɗago baki suna haƙi a saman ruwa, wasu ma sun mutu suna yawo. Ranar ba ranar fatsa ba ce, ka bar tafkin ya huta kwanaki. Kuma dan Allah kar ka kwashi mataccen kifin da ka tarar, baka san yaushe ya mutu ba, baka san ko juyin ruwa ne ko guba wani ya zuba ba.

Tafkunan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka datse kwari aka tara, shi zurfinsa yana wajen bangon dam ɗin. Akwai wanda ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta, irin wannan zagayayye ne, gefensa a tsaye, zurfinsa na ban tsoro, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru ƙarami ne a ido amma zurfinsa ya kai wajen mita 200, kuma shi ne a watan Agustan 1986 ya saki iskar da ta taru a ƙasansa ta kashe mutum sama da 1,700. Wannan ba abu ne da ake yawan gani ba, na kawo shi ne don ka daina auna tafkin dutse da faɗinsa. A irin waɗannan kifin duka yana manne da gefe.

Maganar lokaci. Kowa ya san safiya da yamma sun fi, amma cikin tuddai akwai ƙarin garaɓasa. Tudun da ke gabas yana tare rana, don haka gaɓar da ke gindinsa tana daɗewa cikin inuwa, wani gefen rana ta riga ta ƙwalle amma nan har yanzu asuba ce a wajen kifi. Fara daga gefen yamma da sassafe kafin rana ta buge shi, sannan ka zagayo gindin tudun gabas ka ƙarasa safiyarka. Da la'asar kuma gefen yamma ne inuwa ke fara rufewa. Iska kuma, duk da ba daɗin jifa, ka tsaya a gaɓar da take bugawa wato iska na dukan fuskarka, domin can take tura ƙwari da ƙananan abincin ruwa, ƙananan kifi su biyo, manya su biyo su. In lokacin sanyi ne lissafin ya juye, nemi gefen da rana ta fi daɗewa a kai, kuma ba sai ka yi sammako ba.

Kayan aiki ba wani abu mai yawa ba ne. Sanda mai tsawon mita uku zuwa huɗu mai lanƙwasa a kai, zaren roba, ƙugiyoyi ƙanana da matsakaita, 'yar dalma, da abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa, ko na saye ko guntun soso ko totuwa. Ruwan cikin duwatsu sau da yawa garau yake, kifi na ganin zare, saboda haka kar ka sa mai kauri. Kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 ya ishi ƙarfasa da makamantanta, in tarwaɗa kake nema ka hau 0.35 ko 0.40. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙatuwar ƙugiya. Ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi, ƙatuwa kuwa ƙaramin baki ba zai iya ɗaukarta ba, sai dai ya yi ta tsinke maka tana.

Ga ƙulli ɗaya da in ka iya shi ya ishe ka. Ninka bakin zaren biyu kamar tsawon tafin hannu, ka zura ninkin ta idon ƙugiya. Da ninkin nan ka yi ƙulli na yau da kullum sako-sako, ƙugiyar na reto a tsakiya, kar ka ja tukuna. Zaka ga kunnen ninkin ya rage a waje, buɗe shi ka wuce da ƙugiyar duka ta ciki. Sai ka jiƙa wurin da yawu ko ruwa sannan ka ja a hankali har ya zauna a kan idon, ka yanke ragowar. Jiƙawar nan kar ka raina ta, in ka ja a bushe zaren roba yana zafi ya raunana a daidai ƙullin, ranar da babba ya kama nan zai tsinke.

Kafin ka sa komai a ƙugiya auna zurfin. Maƙala dalma mai ɗan nauyi a ƙugiyar ka sauke. In soson ya nutse, ruwan ya fi tsawon da ka bari, ja shi sama. In ya kwanta a gefe, ka bar zare da yawa, sauke shi. Yi ta gyara har ya tsaya kansa kaɗai a waje, ka san zurfin wurin kenan. Maimaita a gabanka kaɗan, da hagu, da dama. Inda kaga mita ɗaya ta koma biyu da rabi cikin ɗan taƙi, ka samo karyewar ƙasa, zauna nan. Minti goman da zaka kashe a wannan aiki ya fi awa uku na jiran tsammani.

Abin da zaka sa a ƙugiya kuwa, duba abin da wurin yake ba kifi da kansa. Ɗaga dutse a bakin ruwa ka ga tsutsotsin da ke manne a ƙasansa, taka ciyawa ka ga ko fara na tashi. Tana ba ta faɗuwa a ko'ina, amma ka soke ta sau ɗaya ko biyu ka bar jelar na motsi, kar ka cusa ta duka ta sandare. Fara da gara suna aiki sosai a saman ruwa ƙarƙashin bishiya. Ƙarfasa tana son ɗumi da gefen ciyawa, bakinta ƙarami, tana cin tana da kwaɓaɓɓen gari, kuma in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 cinta yana raguwa sosai, in ya kai wajen 11 ko 12 ma mutuwa take, shi yasa a tafkin da ke can ƙololuwa ba lallai ka same ta ba. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin bakinta take farauta, a ƙasa, daga magariba zuwa dare, hanjin kaza ko guntun kifi ya ishe ta, kuma ita tana iya shaƙar iska kai tsaye don haka tana jure ruwan da wasu ba za su zauna ba. A tsaunuka masu sanyi sosai kuma akwai kifin da Turawa ke kira tirawut, wanda Turawan Ingila suka kai rafukan tsaunukan Kenya a farkon ƙarni na 20, shi ruwan digiri 10 zuwa 16 yake so, kuma idonsa na kan ƙwarin da ke faɗowa saman ruwa.

Yadda kake tunkarar gaɓa ma rabin aikin ne. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai har jela wanda yake jin girgizar ruwa da shi, sauti kuma yana gudu cikin ruwa fiye da ninki huɗu na yadda yake a iska. Hirarka ba ta cika damunsa ba, amma takun ƙafa mai ƙarfi a kan dutse, ajiye bokiti da ƙarfi, ko buga filafili a jikin kwale-kwale, duk yana ji. Kifi na ganinka mai jar koma ba karin magana kaɗai ba ce a ruwan garau, yana ganinka ɗin da gaske, musamman in ka tsaya a kan dutse sararin sama na bayanka. Sa kaya marasa haske, durƙusa ko ka zauna, kar inuwarka ta faɗa kan ruwa, kuma fara jefawa kusa da ƙafarka kafin ka yi nisa. In soso ya fara rawa kar ka fizga, ɗanɗanawa ake, jira ya nutse ko ya kama tafiya gefe sannan ka ɗaga sanda da wuyan hannu kawai. In ka yi rabin awa shiru, canja zurfi, in ba labari tashi ka koma wuri na gaba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ƙaramin tafki ba kogi ba ne da kifi ke shigowa daga wani wuri ya cike gurbin wanda aka kwashe. Abin da ke ciki shi kenan. Ruwan dutse kuma yawanci ba shi da abinci sosai, kifi na girma a hankali, wanda ka ɗaga kana murna wataƙila ya yi shekaru kafin ya kai haka. Mutum biyu da taru mai ƙananan ido, ko gidan sauro da wasu ke mayarwa taru, za su iya share tafkin a kaka ɗaya har da 'ya'yan da basu kai yatsa ba. Masu zuba maganin ƙwari ko nakiya kuwa wallahi wannan ba kamun kifi ba ne, ɓarna ce, ta kashe kifi ta kashe abincin kifi ta cutar da duk mai shan ruwan da dabbobinsa. Ɗauki abin da gidanka zai ci ka tashi. Ƙanana ka mayar, manya-manyan mata ma ka mayar domin su ne ke zuba ƙwai mafi yawa. In kaga ramuka zagayayyu kamar faranti a yashin gefen ruwa, gidajen ƙarfasa ne, namijin ne ya share su, kar ka taka. In ka kama mace kaga ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, reno take, a baki take goyonsu, sauke ta a hankali ta tafi.

Mayarwa ma da yadda ake yi. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kar ka goge yauƙin da ke kare fatarsa, kar ka sa yatsa a kunnensa, kar ka ajiye shi kan busasshen dutse mai zafi. In ya haɗiye ƙugiya can ciki yanke zaren kawai, ya fi ka yi ta tona cikinsa. Riƙe shi cikin ruwa har ka ji ya motsa da ƙarfi ya fice da kansa.

Kuma kar ka ɗauko kifi daga wani ruwa ka zuba wai don tafkin ya yi albarka, ragowar ƙananan kifin da ka zo da su don ƙugiya ma kar ka juye ciki. Giwan ruwa da aka sa a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ta cinye nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa da babu su a ko'ina a duniya sai can, kuma wannan shi ne tafki mafi girma a Afirka, ina ga ɗan tafkin da zaka zagaye da ƙafa. Kafin ka fara ma ka tambaya tafkin na waye, akwai lokacin da aka hana kamun kifi, ana bukatar izini ko lasisi, tunda wasu ruwan sha ne na jama'a.

Ranka kuma ya fi kifi. Dutsen bakin ruwa mai gansakuka santsi ne da shi, sa takalmi mai kama ƙasa, kuma kar ka shiga ruwa a gefen da ka riga ka ga tudu ya sauko a tsaye. In zaka hau kwale-kwale sa rigar da ke hana nutsewa ko da ka iya iyo, sanyin ruwan ƙasa yana ɗaure gaɓoɓi. Hadari cikin tuddai baka ganin tahowarsa, sai dai kawai ya leƙo ta bayan dutse, da ka ji tsawa kwantar da sanda ka bar bakin ruwa, kar ka fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma ka ba da minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin ka dawo. Kar ka zauna cikin kwarin rafi in sama ta haɗe a kan tudu, ruwa na iya saukowa da ƙarfi alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. A ƙasashe masu zafi ruwan da ke kwance mai ciyawa da dodon koɗi yana iya ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga ba sai ka sha ba, don haka rage tsayuwa cikin ruwa, in kuma kaga jini a fitsari bayan wani lokaci je asibiti, akwai magani. Tarwaɗa ka riƙe ta daga bayan ƙayoyin gefenta. Ƙugiya in ta shige nama har ta wuce ƙayarta kar ka ja ta baya da ƙarfi, yanke zaren ka je a cire maka. Faɗa wa wani inda zaka da lokacin dawowarka, domin cikin kwari sau da yawa waya ba ta da sabis.

Kifin da zaka tafi da shi ka kashe shi nan take da bugu ɗaya a ka, ka farke cikin ka cire hanji da kunnuwa, ka nannaɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu ko ɗanyar ciyawa a inuwa, kar ka ƙulle shi a leda cikin rana. Hanjin ka binne nesa da ruwa. Guntayen zaren da ka yanke kuma ka tattara su a aljihu, tsuntsayen bakin ruwa suna sarƙewa a ciki, dalmar da ka yar ma suna haɗiye ta tare da tsakuwa ta kashe su.